Dokar da Ta Riga Hujja Zuwa

A shekarar 1969 gundumar Skamania da ke jihar Washington a Amurka ta kafa dokar da ta haramta kashe Sasquatch, wato wata halitta mai gashi mai kama da gwaggon biri wadda ake cewa tana tafiya da ƙafa biyu a dazukan yankin, ko da yake har yau kimiyya ba ta tabbatar da samuwarta ba. Hukuncin farko ya kai ɗaurin shekara 5 da tarar dala 10,000, kafin a sassauta shi a 1984. Masu ganin dokar almara ce sun manta cewa masana dabbobi sun daɗe suna neman gawa kafin su amince da sabon jinsi, kuma ta wannan hanya duniya ta san gwaggon birin duwatsu na tsakiyar Afirka, bayan wani hafsan sojan Jamus, Robert von Beringe, ya harbe guda biyu a 1902. Idan har halittar tana nan, to adadinta bai taka kara ya karya ba, kuma mafarauci ɗaya mai neman suna zai iya yi wa jinsin ɓarnar da ba ta gyaruwa, alhali gashi ko kashi ko miyau sun isa a yi gwajin ƙwayoyin gado ba tare da zubar da jini ba. Idan kuwa babu ita, dokar tana kare rayukan mutane, domin mai bindiga da ya hango inuwa mai ƙafa biyu cikin duhun daji mutum ne zai fi yiwuwa ya harba.