WAI TARIHIN WA MUKE KOYA WA 'YA'YANMU A GIDA?



Yau da ɗan zafina na zo, wanda maganar ta taɓa ya yi haƙuri, domin ta daɗe tana ci na a rai.

Makon jiya na shiga gidan yayana a nan Yindiski bayan La'asar, na tarar da ɗansa, yaro ɗan shekara 10, ya kifa kai a kan waya, wata Baturiya tana ta zuba masa Turancin hanci. Na tambaya, aka ce darasin tarihi ne ta intanet, ana biya wata-wata, kuma da dala ake lissafin kuɗin. Na ce madalla. Na zauna na ce ya ba ni labarin abin da ya koya. Wallahi yaron bai ba ni kunya ba. Ya kawo Kolumbus da shekarar 1492, ya kawo yadda Amurka ta ɓalle daga Ingila a 1776, har da ganyen shayin da aka zubar a teku a Boston. Sai na ce, to ɗana, ina ne Ngazargamu? Ya yi shiru, ya sosa ƙeya, ya ce, "Baffa, ba a Indiya take ba?"

Kowa ya yi dariya ban da ni. Birnin da ya yi fiye da shekara 300 yana zaman fadar Borno, wanda kufansa yake cikin jihar nan tamu wajen Gaidam, shi ne ɗanmu ya kai Indiya.

Kafin a ce na cika baki, bari in yi wa iyaye adalci. Wanda ya zauna a Potiskum shekarun baya ba zai tambayi dalilin da ya sa wasu suka koma koyar da yara a gida ba. Mun ga abin da aka yi wa ɗalibai a Mamudo a watan Yulin 2013. Ranar 10 ga Nuwamban 2014 bam ya tashi a wajen taron safe na makarantar kimiyya ta garin nan, yara fiye da 40 suka rasu, ina ƙaramar sakandare a lokacin, kuma har yau ban manta da yadda iyaye mata suka fito titi ba mayafi suna neman 'ya'yansu ba. Allah ya jiƙansu. Aka zo aka kwashe 'yan matan Dapchi a 2018, korona ta rufe makarantu a 2020. Daga nan ne wasu masu hali suka ɗauko malamin lesin, suka haɗa da Islamiyya da waya, suka ce gara yaro yana gabansu. Ban ga laifinsu ba.

Haka kuma ba iyaye ne suka fara watsar da tarihi ba. Gwamnati ce ta cire shi daga firamare da ƙaramar sakandare tun daga shekarar karatu ta 2009/2010. Ni da nake wannan surutun haka na gama sakandare ba a taɓa shigo mana aji da sunan darasin tarihi ba, ɗan abin da na sani a shago na tsince shi, tsakanin wannan mai saye da wancan. A 2022 aka yi bikin dawo da shi a Abuja, a 2025 kuma aka sake sanarwar cewa ya zama dole daga aji ɗaya na firamare har aji uku na ƙaramar sakandare. To amma yaron da yake gida, uban ne ministan iliminsa. Abin da ya zaɓa masa shi zai sha.

A nan ne nake da rigima da mutanenmu, kuma kashi biyu ne.

Kashi na farko su ne irin Yaya, masu ganin duk abin da ya zo da muryar Bature ya gama kyau. Ku sani waɗannan darussa ba don ɗanku aka tsara su ba. Mutanen Amurka sun daɗe da al'adar koyar da yara a gida, suna da kamfanoni masu buga musu manhaja, wasu ma irin Abeka ta jihar Fulorida a kan aƙidar addinin Kirista suka gina littattafansu, kuma ba su ɓoye ba. Sun yi abinsu ne domin ɗansu ya tashi ya san ƙasarsa, ya so ta. Ina laifinsu? Laifin na wanda ya saya ne bai buɗe ba. Baba bai taɓa sayen buhun wake a kasuwar hatsi ba sai ya zura hannu ciki ya ga ko da ƙwari, amma ɗansa ya biya kuɗin da ya kusa na buhun gero a kan darasin da bai taɓa zama ya saurari ko minti goma daga ciki ba. Da na ce masa, Yaya, ka duba jerin abin da za su koyar daga farkon shekara zuwa ƙarshe kuwa? Sai ya ce ai ya ga yaron Turancinsa ya ƙaru. To a ce darasin Turanci aka saya mana, a daina kiransa tarihi.

Kashi na biyu su suka fi ba ni haushi, domin suna ganin kansu masu kishi. Su ne masu cewa a rabu da na Turawa, a koya wa yaro tarihin Hausawa. Ka ce to bismilla. Sai a kawo Bayajidda da macijiyar Kusugu, a jero Hausa Bakwai, a taɓo Bagauda da Sarauniya Amina, a sauka a kan Shehu Usmanu da 1804, a shafa fatiha. Duk tarihin ya ƙare a yamma da Azare. Yaron da aka haifa a Yindiski, wanda aka yanka masa rago a Yindiski, sai ya tashi da tunanin cewa gidansa na gaskiya yana can Kano ko Katsina, nan kuwa wurin neman kuɗi ne kawai, kuma mutanen da ya tarar ba su da wani labari. Mafi muni shi ne malaman da suka fi kowa ɗalibai yanzu, wato masu murya a WhatsApp da masu zagin juna a TikTok kan wane ne Bahaushe zalla, wane ne Bafulatani. Ba mai faɗin littafin da ya karanta, ba mai faɗin shekara, sai ihu. Yaran kuma suna ji, tunda wayar ɗaya ce.

Shi kansa labarin Bayajiddan, ku tambayi mai ba da shi, ta ina ya biyo kafin ya isa Daura? Ta Borno. Can ya fara sauka, can ya fara aure. Kuma tun 1970 Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi rubutu yana nuna cewa ba za a ɗauki wannan labari a matsayin bayanin yadda Hausawa da biranensu suka samo asali ba. Shekara fiye da 50 ke nan, mu har yau shi ne darasinmu na farko da na ƙarshe.

Ga abin da yake ƙarƙashin ƙafarmu da ba a faɗa wa yaran. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin ƙaramar hukumar Fune da ke gabas da mu, ya ci karo da kwale-kwale mai tsawon fiye da mita 8. Masana daga Maiduguri da Jamus suka auna, suka ce ya kai shekara wajen 8,000, yana cikin mafiya tsufa da aka taɓa samu a duniya. Mai Ali Gaji ya kafa Ngazargamu wajajen 1470, kafin Kolumbus ya hau jirgi. Limamin Mai Idris Aloma, Ahmad bin Furtuwa, ya rubuta littafin yaƙe-yaƙen ubangidansa a 1576, a ciki akwai yaƙinsa da Ngizim, akwai yaƙinsa da ƙasar Kano, wato kakannin maƙwabtanmu da namu duk suna cikin littafi ɗaya. A 1808 masu jihadi suka ci Ngazargamu, daga nan Shehu Laminu na Borno da Muhammadu Bello suka shiga musayar wasiƙu kan ko ya halatta a yaƙi ƙasar da ta daɗe da Musulunci, kuma Bello da kansa ya ajiye wasiƙun a cikin Infaƙul Maisuri, har da hujjojin abokin gardamarsa. Yaron da aka karanta wa wannan ya koyi cewa manyan malamai biyu suna iya saɓawa, kowa da dalilinsa, abin da TikTok ba zai taɓa koya masa ba. Sarkin Musulmi Attahiru kuwa, da ya bar Sakkwato ya nufi gabas, a Bormi Turawa suka kashe shi ranar 27 ga Yulin 1903, nan kudu da mu wajen Bajoga, hanyar da motocinmu suke bi zuwa Gombe kullum.

Sai babbar tambaya wadda kowane yaro mai ido zai yi: me ya sa gari ɗaya yake da sarakuna biyu? Amsar tana cikin tarihi. A 1924, zamanin Turawa, aka dawo da fadar Fika zuwa Potiskum, a 2000 kuma gwamna Bukar Abba Ibrahim ya mayar da masarautun Yobe 13 daga 4, masarautar Pataskum tana ciki. Magana ce mai nauyi a wajen Bolawa da Ngizim da Karai-Karai, kowa da yadda yake ba da ita, kuma ni ba alƙali ba ne a ciki. Amma Bahaushen da ya tashi a nan bai san da ita ba, wata rana zai buɗe baki a majalisa ya taka abin da bai gani ba, ya ja wa kansa, ya ja wa sauranmu. Na ga ya faru a gaban shagonmu, sai da dattawa suka ba da haƙuri. Ko sunan mutane ba mu iya faɗa daidai ba, muna ta cewa "Kare-kare" alhali masu abin Karai-Karai suke cewa.

Wani abin da zai ba masu kishin mamaki: harsunan nan da muke ji a kasuwa muna ɗauka yaren wasu ne can, Bolanci da Ngizim da Karai-Karai da Ngamo da Bade, dangin Hausa ne, gida ɗaya suka fito wanda masana suke kira Cadi. Marigayi Russell Schuh, Ba'amurke, shi da masana 'yan ƙasar nan sun yi musu ƙamus-ƙamus masu fassarar Hausa, aka buga a nan Potiskum a 2004. Bature ya taso daga Kalifoniya ya zo koyon abin da yake bayan katangarmu, mu kuma muna biyan dala a koya mana nasa.

Yaya ya ce da ni, "Kai yaro ne. Tarihin Fika zai ba shi aiki?" Na ce Yaya, Allah ya ba ka haƙuri, shayin Boston zai ba shi? Ko ta jarrabawa aka bi, manhajar tarihi ta JAMB Kanem-Borno da ƙasar Hausa da Nok da Benin take tambaya. In kuma kasuwa zai gada, da mutanen Fika da Nangere da Gaidam zai yi ciniki a kara, ba da mutanen Boston ba.

Akwai kuma abin da ni na ɗanɗana. Lokacin da na nemi takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, ce mini aka yi in tafi garin kakana. Na hau mota na je garin da sau biyu na taɓa zuwa a rayuwata, can kuma suna kirana ɗan Barno. A nan Bahaushe, a can ɗan Barno. Da na dawo ne na zauna da Baba na tambaye shi yadda aka yi muka zo, ya ba ni labarin fatauci tsakanin Kano da Borno, masu kai goro da baƙin rini gabas su dawo da kanwa da mangul, da yadda mahaifinsa ya yada zango a nan, da wanda ya ba shi masauki, wanda ba Bahaushe ba ne. Ashe muna da shekaru a ƙasar nan da suka fi na jihar Yobe kanta, wadda sai a 1991 aka yi ta. Ba wanda ya taɓa gaya mini, don ban taɓa tambaya ba, kuma Baba yana ganin wannan hira ce, ba karatu ba.

Kada a ce ina gaba da intanet. A wayar nan ɗaya akwai Nigeria Learning Passport da ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, kyauta, a kan manhajar ƙasar nan. Akwai shirin tarihin Afirka na Zainab Badawi ta BBC a YouTube, wanda aka gina a kan kundin tarihin Afirka na UNESCO. In yaro ya girma, ya karanta Amurka da Rum da Sin, ya ƙoshi. Abin da nake cewa shi ne kafin ka tura ko sisi, ka sa a karanta maka jerin darussan gaba ɗaya, ka ji a mako na nawa Afirka ta shigo, ka ji ko Borno ta shigo sam, ka tambayi wanda ya rubuta da kuma yaran da ya rubuta wa. Malamin lesin ma ka zaunar da shi ka tambaye shi Ngazargamu, kada ka ji kunya.

Yaya dai bai janye kuɗinsa ba, ya ce an riga an biya na wata uku. Abin da na samu ya amince da shi shi ne duk Juma'a bayan Magariba yaran za su zo wajen Baba da littafin rubutu, ya ba su labari su rubuta, ni in duba. Na kuma roƙi wani dattijo maƙwabcinmu Bangizime ya ba su nasa, ya yi dariya ya ce shekara 30 muna gaisawa ba wanda ya taɓa tambayarsa. In an yi hutu kuma zan sa yaron a mota mu je Damaturu, inda aka ajiye kwale-kwalen Dufuna, kuɗin motar a aljihuna.

Wassalam.