A Yi Hattara Da Masu Karɓar Lambar Katin Ɗan Ƙasa

Malam Edita,

Ina roƙon ka ɗan sam mini fili in tofa albarkacin bakina a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ni ɗan tireda ne mai cin kasuwannin ƙauye. Ran nan bayan kasuwa ta tashi na sayi tsire, mai tsire ya naɗe mini a takarda. Da na isa gida na warware, sai ga hoton wata baiwar Allah duk mai ya ɓata shi, ga sunanta, ga sunan ƙauyensu, ga lambar wayarta, ga kuma lambar katinta na ɗan ƙasa, wato NIN, guda 11 cif. Ashe kwafin fom ne na neman tallafi. Da kasuwa ta zagayo na tambayi mai tsire inda ya samo takardar. Ya ce ai shi a kilo yake saye wurin wani mai shagon fotokwafi.

Wani zai ce to mene ne a ciki? Jama'a, akwai abu a ciki. Tun da Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN a 2014, gwamnati kuma ta ba da umarni a watan Disamba na 2020 cewa kowa ya haɗa layin wayarsa da NIN, lambobin nan biyu suka zama su ne mutum. Da su ake buɗe asusu, da su ake rajistar layi, da su ake cin bashi. In aka yi ɓarna da layi ko asusu, jami'an tsaro ba sa tambayar wa ya yi. Sunan wa ke jiki, shi suke nema.

Mu a garinmu mun gani a ƙwaryar cin tuwonmu. Da daminar bara wasu samari suka zo da kwamfuta, suka zauna a gindin darbejiya wai suna rubuta sunayen masu son tallafin taki. Kowa ya ba da NIN da BVN, a ɗauki hoton fuskarsa, a miƙa masa naira 2,000 wai kuɗin mota. Har da mata da tsofaffi aka yi layi. Taki dai har aka yi girbi ba mu gan shi ba. Abin da muka gani shi ne sammaci. Wani maƙwabcina, manomi da bai taɓa taka ƙofar banki ba, aka ce an buɗe asusu da sunansa an karɓi kuɗin damfara. Sai da ya kwana biyu a tsare, ya sayar da akuyarsa ya yi zirga-zirga, kafin a gane shi ma cutarsa aka yi.

Ba mu kaɗai ba ne. A watan Yuli na 2025 hukumar EFCC ta bayyana cewa akwai samari kimanin 12,000 da ke yawo a ƙasar nan suna sayen NIN da BVN na mutane a kan naira 1,500 zuwa 2,000, su kuma su sayar a kan kamar naira 5,000. Ka ji fa, Malam Edita. Sunan mutum ya koma haja, ribarsa ta fi ta buhun gishiri.

To shin babu doka ne? Akwai. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya. Sannan a watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. Wani malamin makaranta ya fassara mini ita, na ga in da ana binta da mun huta. Ta ce wanda zai karɓi bayananka sai ya faɗa maka ko shi wane ne da abin da zai yi da su, kuma ba shi da ikon karkatar da su ga wata manufa. Ta ce ya adana su da kyau, kada ya riƙe su fiye da lokacin buƙata. Kana da ikon ka ce a gyara, ko a goge, ko ka janye yardarka. In an sace bayanan mutane a hannun kamfani, kuma akwai haɗari gare su, awa 72 aka ba shi ya sanar da hukuma. Manyan kamfanoni kuwa ana iya cin su tarar naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na abin da suka samu a shekara, duk wanda ya fi yawa.

An ma taɓa wasu. Tun kafin wannan doka, a 2021, hukumar NITDA ta ci wani kamfanin ba da bashi ta waya tarar naira miliyan 10 saboda tura saƙon cin mutunci ga 'yan'uwa da abokan masu bashi. A 2024 kuma hukumar kare masu saye ta FCCPC ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220.

Madalla. Amma ni abin da ke damuna, duk wannan faɗan manya ne. Doka da Turanci, hedikwatar hukuma a Abuja, koke kuma sai wanda ya iya rubutu. Dokar ta ba wanda aka cuta damar kai ƙara har ya nemi diyya, amma maƙwabcina wa zai kai ƙara? Samarin nan ko sunansu ba wanda ya tambaya. Ramin da bayanan talaka ke zurarewa ba a Amurka yake ba. Yana shagon fotokwafi, da teburin mai POS, da wurin masu rajistar layi a bakin tasha, da gindin darbejiya.

A nan dole mu ma 'yan kasuwa mu faɗa wa kanmu gaskiya. Mai POS da ke karɓar katin tsoho ya ce Baba faɗo lambar sirri, kowa na ji, ya sani amana ce yake wasa da ita. Haka mai shagon da ke sayar da tarkacen fom a kilo. Ashana ɗaya ta ishe shi.

Saboda haka ina kira ga hukumar NDPC da ta sa a riƙa karanta dokar nan da Hausa a rediyo, ta kuma samar da hanyar da wanda bai yi boko ba zai kai kuka da bakinsa. Iyayenmu hakimai da dagatai, Allah Ya ja zamaninku, kada a bar sankira ya tara wa baƙo jama'a sai ya nuna takarda daga ƙaramar hukuma, an kuma rubuta sunansa da inda ya fito. 'Yan'uwana manoma, duk wanda ya ce zai ba ka tallafi amma shi ne ke biyanka don ka ba shi lamba, to lambar ya zo saye.

Takardar baiwar Allahn nan dai na ƙone ta. Amma mai tsire ya ce mini akwai sauran kusan rabin buhu a ƙarƙashin teburinsa.



Daga mai karatunku a kullum,
Wani ɗan tireda, Ƙaramar Hukumar Bakori, Jihar Katsina.