Kwana Uku A Kan Tabarma

A ƙasar Hausa ba a barin gawa ta kwana sai da lalura. Dattijo zai cika bayan asuba, kafin azahar an yi masa sutura, an sallace shi, an kai shi makwancinsa. Gaggawar nan sunna ce, amma zuciyar ɗa ba ta da irin wannan saurin. Wanda ke neman abinci a Legas ko Fatakwal sau da yawa sabon kabari yake iskewa, 'ya'ya mata kuwa ko maƙabartar ba sa zuwa. To a ina mutuwar za ta zauna musu a rai? A zaman makoki ne, shi ya sa nake ganin masu son a kashe shi ɗungurungum ba su auna abin da za a rasa ba.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ga butoci a jere, takalma sun yi tsibi. Duk wanda ya zo zai durƙusa, a yi addu'a a shafa, ya ce ya haƙuri. Maraya zai amsa gaisuwar nan sau ɗari a yini, kuma a cikin maimaitawar ne bakinsa ke sabawa da kiran mahaifinsa marigayi. Can sai wani tsoho da ba wanda ya sani ya matso, ya ce marigayin ne ya ba shi jarin farko. A cikin gida wata na faɗa wa 'yar mamaciya yadda uwarta ta yi mata wankan jego lokacin da ba ta da kowa. Haka 'ya'ya ke tashi daga tabarmar da labarin iyayensu wanda ba su taɓa ji ba. A nan ne kuma mai bin bashi ke samun fuskar yin magana, a sauke wa mamaci nauyi kafin a zo rabon gado.

Malaman Izala, tun da aka kafa ƙungiyar a Jos a 1978, suna cewa sadakar uku da bakwai da arba'in ba su da asali. Suna kafa hujja da sahabi Jarir bin Abdullahi, wanda ya ce su a wurinsu taruwa a gidan mamaci da dafa abinci bayan binnewa yana cikin kukan mutuwa da aka hana. Wannan magana ce mai nauyi, kuma duk wanda ya ga marayu sun ci bashi don sayen buhun shinkafa da hayar rumfa da kujeru, alhali mahaifiyarsu na fara takabar wata huɗu da kwana goma ba ko sisi, ya san akwai gyara. Sai dai a duba ina cutar take. Da Ja'afar bin Abi Ɗalib ya yi shahada a Mu'uta a shekara ta 8 bayan hijira, Annabi (SAW) umarni ya yi a dafa wa iyalinsa abinci, domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Nana A'isha ma takan sa a dama kunun talbina idan an yi rashi, saboda yana rage baƙin ciki. Ke nan kwano shiga gidan rasuwa yake yi. Mu ne muka juya shi, har mai kuka ya koma mai rabon abinci.

Akwai abin da masu suka ba su cika ambata ba. Kwanakin da suka fi ciwo suna zuwa ne bayan an naɗe tabarmi, baƙi sun watse, an bar mutum da ɗakin da aka kulle. Bakwai da arba'in wannan giɓin suke toshewa, ko da ba a faɗa ba. In an daina su don gudun ware wa ibada ranar da shari'a ba ta ware ba, to a sa wani abu a gurbinsu. Mahaifiyar Sa'ad bin Ubada ta rasu ba ya nan, ya tambayi Annabi (SAW) ko sadaka za ta amfane ta, aka ce masa e, ya haƙa mata rijiya. Ɗan da ya sa famfo a masallacin unguwarsu, ko ya ɗauki ziyarar aminan mahaifinsa duk Juma'a, ya samu inda zai kai kewarsa.

Maƙwabta, girkin kwana ukun nan naku ne, ku ɗauke shi. Idan kuma an yi sati biyu, ƙofar gidan ta yi tsit, ku koma ku yi sallama.