Masu kiran Mariano Rivera ɗan benci, ku matso kusa

1/ Wai har yanzu akwai masu cewa Mariano Rivera ɗan benci ne da aka zuzuta, tunda zagaye ɗaya kacal yake jifa a wasa. Haba jama'a! Ku gyara zama, yau sai mun warware wannan magana.

2/ Ga waɗanda ba sa kallon besbol: zagaye 9 ake yi. Mai jifan farko ya yi biyar ko shida, in ya gaji a sako masu canji. Na ƙarshensu shi ne mai rufe wasa. Yawanci a zagaye na 9 yake shiga, ƙungiyarsa na gaba da maki ɗaya zuwa uku. Ya yi sake, wahalar awa uku ta tashi a banza.

3/ Rivera ɗan masunci ne daga Puerto Caimito a ƙasar Panama. Da kwali suke haɗa safar cafe ƙwallo suna yara. New York Yankees ta ɗauke shi a 1990 kan kuɗin da bai wuce dala 3,000 ba.

4/ Eh, da ya shigo babbar gasa a 1995 an gwada shi a jifan farko, abin bai yi armashi ba. Nan masu suka suke tsayawa su ce "kun gani?" To malam, ci gaba da karatu mana. A 1997 aka damƙa masa rufe wasa, yana kai har ya yi ritaya a 2013.

5/ Makaminsa kusan guda ɗaya ne, jifan da ake kira kota. Ƙwallo ta taho kamar a miƙe, sai dab da sanda ta goce. Kowa ya san ita zai jefo, amma a banza. Sandunan da ya karya wa mutane sun yi yawan da Minnesota Twins ta haɗa masa kujera da karyayyun sanduna kyautar bankwana.

6/ Ga lissafi: sau 652 ya shiga ya tsare wa ƙungiyarsa nasara, ba wanda ya kai shi a tarihi. Kofin duniya na besbol 5: 1996, 1998, 1999, 2000, 2009. A wasannin neman kofi ya jefa zagaye 141, maki 11 kacal aka rubuta a kansa. Waɗanda suka taka wata su 12 ne. Sake karantawa.

7/ Za ku ce ai zagayen da ya jefa duk rayuwarsa bai kai 1,300 ba, manyan masu jifan farko kuwa sun haura 3,000. Gaskiya ne. Amma in aikin na da sauƙi, me ya sa ƙungiyoyi ke ta sauya mai rufe wasa kamar riga? Wannan ya riƙe kujerar shekara 17, a New York, inda 'yan jarida ba sa ɗaga ƙafa.

8/ Kuma ya ɗanɗana kuɗarsa. A 2001, wasa na 7 na ƙarshe da Arizona, a hannunsa kofi ya suɓuce. Bai ɓuya ba, ya ci gaba da karɓar ƙwallo. A 2012 jijiyar gwiwarsa ta tsinke. Ya dawo yana ɗan shekara 43, ya tsare nasara 44.

9/ A 2019 aka kaɗa ƙuri'ar shiga zauren gwarazan besbol. Ƙuri'a 425, duka nasa. Ba a taɓa yi wa kowa haka ba, ko Babe Ruth. Kyaftin ɗinsa Derek Jeter ma ƙuri'a ɗaya ta kuɓuce masa.

10/ Matsalarku ita ce kun ɗauka daraja tana ga wanda aka fara da shi. Shi ya sa wasu ke barin abin da suka iya, suna rububin wanda za a fi ganinsu a ciki. Kowa ya iya allonsa ya wanke. Mai ja ya kawo alƙaluma, ban da zagi.