Ɓaraka a Katangar Sauro

Masu ganin binciken barbarar sauro almubazzaranci ne sun yi kuskure. Anopheles gambiae da Anopheles coluzzii kamarsu ɗaya a ido, sai a 2013 aka raba musu suna. Abin da ya raba su zaɓen abokin barbara ne: da magariba mazan kowane jinsi kan yi cincirindo a nasu wuri, matan su shigo. Ƙwayoyin gadon da ke tafiyar da wannan zaɓe suna kan kuromosom X.

Sai dai katangar tana da ɓaraka. Wajen 2006 a Mali, 'yan barbarar gauraye kaɗan suka ishi ƙwayar gadon jure maganin gidan sauro ta tsallaka daga gambiae zuwa coluzzii, ta kuma bazu.