Kujerar Manaja Ba Tukwici Ba Ce

Burina shi ne wata rana in shugabanci gidan rediyon gwamnati, kuma saboda wannan buri ina da rigima da rukuni biyu na mutane. Na farko su ne masu ba ni shawarar in nemi tashar FM mai zaman kanta ko wata kafa ta ƙasar waje, wai rediyon gwamnati gawa ce da ba a binne ba. Na biyu su ne masu mulkin da suka mai da kujerar manaja tukwicin da ake miƙa wa wanda ya fi kowa ɗaga murya lokacin yaƙin neman zaɓe. Laifin na biyun ya fi girma, domin su ne suka ba na farkon hujja.

A 1962, zamanin Firimiya Sa Ahmadu Bello, aka kafa gidan watsa labarai na Jihar Arewa a Kaduna, wanda daga baya ya koma ƙarƙashin Rediyon Tarayya. Ta gajeren zango muryarsa ta ƙetare iyaka, ana saurarensa a Nijar da Kamaru da Chadi. Jakar Magori da Samanja sun shiga gidajen da jarida ba ta taɓa shiga ba. A 1992 aka buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa, Ray Power ta fara a Legas a 1994, Freedom ta zo Kano a 2003. Na yi murna da zuwansu, sun kuma koya wa talaka cewa yana iya kiran waya ya tuhumi kwamishina. Sai dai tashar ɗan kasuwa talla take bi, talla kuwa birni yake zama. FM ba ta da dogon zango. Makiyayin da ke can cikin daji, da manomiyar da ke bakin kogi tana buƙatar a gargaɗe ta kafin a saki ruwan madatsa, babu mai tallar da zai biya domin a yi musu magana. Su ne dalilin da ya sa baitulmali ke riƙe da gidan rediyo.

To, me manajan da aka naɗa don biyayya ke yi da wannan amana? Ku saurari labaran dare a yawancin tashoshin jihohi. Gwamna ne farko, sai mataimakinsa, sai uwargidansa, sai wanda ya biya kuɗi aka karanta ɗaurin auren 'yarsa kamar labari. Idan an kai hari wani ƙauye a jihar, mutanen jihar sai sun jira Sashen Hausa na BBC, wanda ke aiki tun 1957, kafin su ji abin da ya faru a bayan gidansu. Wannan abin kunya ne, kuma ba talaucin kayan aiki ne ya jawo shi ba.

Talaucin ma yana nan, shi ya sa aikin ke buƙatar gwani. Manaja ne zai san lita nawa ta dizal janareta ke sha a sa'a, ya san wace na'ura ce ke dab da mutuwa, ya raba ɗakin labarai da ofishin talla, ya hana ƙwararrun ma'aikatansa gudu. Shi ne kuma mai gadin ma'ajiyar da ke ɗauke da muryoyin Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos a kan tsofaffin fayafayi da zafi da ƙura ke ci. Wanda ya zo domin ya huta shekara huɗu, ko ƙofar wannan ɗaki ba zai tambaya ba.

Na san amsar da ake bayarwa: kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, tunda gwamnati ke biyan albashi, ita za a yi wa kirari. Ina tambaya, daga aljihun wa ladan ya fito? Kuɗin jama'a ne, har da na ɗan adawa da na wanda bai taɓa jefa ƙuri'a ba. Dokar zaɓe ta 2022 ma ta hana a yi amfani da kafafen gwamnati don fifita wata jam'iyya, ta kuma wajabta a raba lokaci daidai tsakanin 'yan takara. Manajan da ya rufe wa ɗan adawa ƙofa doka ya karya.

Abin da nake nema shi ne a tallata kujerar a fili, a yi wa masu nema tambayoyi, a ba wanda ya ci wa'adin da sauyin gwamna ba zai katse shi ba, a sa hukumar da za ta tuhume shi ta ƙunshi malamai da manoma da mata da 'yan jarida. Ni zan fara daga ɗakin labarai, in yi aikin dare, in koyi lissafin dizal, in hau mataki bayan mataki. Ranar da waya ta zo daga gidan gwamnati ana so a cire labari, ina so a tarar da wanda ba wayar ce ta ba shi kujerar ba.