Hershey: Kofi da yaran aro

Masu raina ƙananan gasanni su dubi abin da Hershey Bears ta yi a kakar 2023 zuwa 2024. Ƙungiyar hokin ƙanƙara ce a Hershey, garin cakulan da ke jihar Pensilbeniya ta Amurka, tana buga gasar AHL, wadda ke ƙasa da babbar gasar NHL. Wasa 53 ta ci cikin 72, ta ɗauki Kofin Calder karo na 13, shekara biyu a jere, duka biyun ta doke Coachella Valley Firebirds a ƙarshe. Abin da ya fi burge ni shi ne halin da aka yi aikin a ciki. Hershey renon 'yan wasa take yi wa Washington Capitals ta NHL. Yaro na fara haskawa, waya ɗaya daga sama ta isa ya tattara jakarsa, kocin lokacin, Todd Nelson, ya wayi gari da gurbi, ya sake lale. Ɗan wasa Hendrix Lapierre a Capitals ya shafe yawancin kakar. Sai da aka yi waje da Capitals ya dawo, kuma shi aka zaɓa gwarzon wasannin neman kofi. A ganina, kocin da ke dashe a gonar da ake cire masa shuka kowane wata ya cancanci yabon da manyan jaridu ba sa ba shi. Mutanen garin dai sun san darajar abinsu. A Janairun 2024, ƙungiyarsu na zura ƙwallon farko, suka lulluɓe ƙanƙarar Giant Center da 'yan tsana sama da 74,000, aka kwashe aka raba wa yara mabuƙata.